Sarƙar Da Na Sayo A Kasuwar Lolo

Ko da za a jiƙa mini maganin mantuwa in sha safe da yamma, ba zan taɓa mantawa da zamanin da nake masanin zinariya ba. E, ni ɗin nan. Daga bakin kogin Kwara har ka tsallaka iyaka ka faɗa Binin, ban yarda akwai mai idon gwal irin nawa ba. Ka ɗaga sarƙa daga wancan ƙarshen kasuwa, in gaya maka ƙasar da aka haƙo ta, da ƙabilar maƙerin, da ko ya karya kumallo ran da ya ƙera ta. (Aikina na gaskiya malamin gona ne a Bagudo. Taki nake rabawa.)

Duk wannan ilimi a zama ɗaya na kwashe shi, ranar kasuwar Lolo. Na je neman kayan gyaran babur, sai wani mutumin ƙetare mai tabarau da shadda mai sheƙi ya kira ni "Alhaji". Ni da a lokacin ban taɓa wuce Sakkwato ba! Na zauna. Hausarsa rabi Faransanci ce, amma bakinsa zuma. Ya ba ni labarin fataken da, masu ɗauko goro daga Gwanja da garin zinariya a ɗure cikin bututun gashin tsuntsu. Ya faɗa mini yadda maƙeran Sanagal ke jan gwal har ya koma kamar silin gashi, sannan su saƙa shi kamar masu saƙar hula. Daga nan ya rage murya ya ba ni sirrin sana'a: zinariya ta gaskiya ba ta da wari, tagulla ce ke ƙarni. Ya miƙo mini wata sarƙa ya ce in shinshina. Na shinshina, ban ji komai ba. (Murar da nake yi a ranar, ko tukunyar daddawa aka kifa mini a fuska ba zan ji ba.) Na biya. Babur ya ci gaba da kwana jingine da bango.

Matata Rabi ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Tun daga nan, duk biki ko suna sai in ga wuyanta yana walƙiya. Shekaru suka yi ta wucewa, sarƙa ba ta dusashe ba. Ni kuwa majalisarmu ta shiga uku. Ko maganar farashin gero ake yi, sai na san yadda na karkato da ita kan zinariya.

Sai ga shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Duk mai ɗan kwalin makaranta ya goge takalmi ya nufi Birnin Kebbi. Ƙanena Sani ya samu aiki a can, bai daɗe ba kuma ya samo yarinya, 'yar babban gida. To ka san matan Birni da lefen mutanen bakin iyaka: tun kafin a buɗe akwati sun shirya dariyarsu. In gwal ɗin ciki ya fito jabu, Sani zai tsufa ana nuna shi da baki, in ma auren ya tsaya ke nan.

Aka kira taron dangi a tsakar babban gidanmu, gaban Gwaggo Ige, yayar mahaifinmu, wadda tun rasuwarsa maganarta ce ƙarshe. Tambaya ɗaya ce: wa za a damƙa wa kuɗin sayen gwal? Mu biyu ke takara. Ni, da taubashiyata Hajiya Kulu, 'yar kawuna, mai fataucin atamfa. Ni kuwa na riga na gama gaya wa majalisa cewa zan tafi Kwatano, har na karɓi saƙon mutane.

Na miƙe tsaye, alhali kowa na zaune a tabarma. Na fara daga Gwanja, na bi ta Sanagal, na ƙara da wasu sarakuna da ni kaina a nan take na naɗa su. Sani ya ce a hankali, "Yaya, aurena na hwa. A yi a hankali."

"Kai, rufe mana baki," na ce. "Ina kake sa'ad da nas sayo wa Rabi sarƙarta? Rabi! Tashi ki ɗauko ta dangi su gani."

Rabi ta dubi ƙasa. "Malam, a bari sai an watse."

"Yanzu dai."

"Makullin akwatin... ban san inda na aje shi ba."

Na lura matan sun yi tsit, wata na gyara ɗankwali, wata na ƙirga yatsun ƙafarta. Na ɗauka kwarjinina ne. Ana cikin haka Kulu ta sunkuya ta ɗauki goro, gyalenta ya zame, sai ga abu ya haska a wuyanta.

Wayyo daɗi! Ji na yi kamar ni aka ba gwamna.

"Ashe ba makulli ne ya ɓace ba, kunya ce! Jama'a, ku dubi wuyan Hajiya. Mai zuwa Makka, mai son a aike ta sayen gwal, ga ta da sarƙar aro ta matar malamin gona! Kulu, aro ba laifi ba ne, mu gidanmu ba mu hana mabuƙaci. Ciro ta ki ba ni."

Ba ta yi musu ba, wannan kaɗai ya isa ya tsorata mai hankali. Ta ciro ta ɗora mini a tafi. Na auna nauyinta. Na ɗaga ta a rana. Na kai ta hanci na ja dogon numfashi, na lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Na zagaya da ita har gaban Gwaggo ina cewa, "Aikin Sanagal ke nan. Cikin tarkacen Lolo idona ya tsamo ta."

"Ka ƙare shaƙa?" in ji Kulu. "To ba ni abata kada ka haɗiye. Wagga sarƙa tawa ta, Makka nis sawo ta. Rabi ka zuwa aro duk biki, ta maido da marece. Ba ita ɗai ba, rabin matan unguwar ga da ita sunka yi hoto."

Ashe haka mata ke yi. Gwal ɗaya sai ya yi wa gida goma hidima, yau a wannan wuya, gobe a wancan, kuma ba a gaya wa maza. Kowa a tsakar gidan nan ya sani. Har Sani, munafukin Allah, ya sani.

Na juya wurin Rabi. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, taka ko zafin bazara guda ba ta kai ba. Ka tuna sa'ad da wuyana ya yi kore ya fesa ƙuraje, ka ce zafi ne, har ka sayo mini hoda? Ita ce. Na ga yadda kake murna, na kasa faɗa."

"Kuma taka fure gare ta," Kulu ta ƙara, "tawa ganye. Shekara nawa kana yabon idonka, ko wuyan matarka ba ka duba ba."

Wannan ta shige ni fiye da sauran. Da ƙasar Bagudo ta tsage a lokacin, da na shiga na ja ta na rufe. Amma mutum irina ba ya faɗuwa sau ɗaya, sai ya tashi ya nemi ta biyu. Na ce, "To ina tawa? Zinariya ba ta ɓata. A fito da ita a wanke, ku ga ikon Allah."

Rabi ta ce, "Ai kullum da safe kana taɓa ta."

Gwaggo Ige ta dogara sandarta ta miƙe, dangi suka bi ta ɗuu, ni a baya kamar wanda za a kai wa alƙali. Ba mu tsaya ko'ina ba sai bakin akurkin kajina, kajin gidan gona da nake ji da su. Ga wata baƙar waya mai tsatsa-tsatsa, kore-kore, an naɗe ƙofar da ita an maƙale a ƙusa. Da hannuna nake kwance ta kowace safiya, har na sha yi wa Rabi faɗa ta samo waya mai kyau ta sake wannan ƙazamar. Na duba da kyau. Ga furen nan yana lilo, da kashin kaza a jikinsa.

Kada ka tambaye ni irin dariyar da aka yi. Wata gwaggon ma sai da aka ba ta ruwa.

Kulu aka aika, ta sayo abin da ya rufe bakin matan Birni. Ni aka ba ni aikin ɗaure akwatuna a bayan akori-kura, har Sani na jaddada a samo igiya ta gaske. Saƙon 'yan majalisa kuwa na mayar wa kowa nasa, na ce an rufe iyaka. Daga ranar na koyi abu: in na yi wata bajinta na ga matan gidanmu sun yi shiru suna gyara ɗankwali, to ba kwarjini ba ne, asirina suke riƙe da shi. Kuma yanzu ko albasa zan saya, in ina mura, sai na tafi da wani.

Da aka watse a ranar, na tsaya ni kaɗai gaban akurki ina tunanin in cire abar nan in jefa ta Kwara. Sai na ji sandar Gwaggo a bayana. Ta dafa kafaɗata, na ɗauka lallashi za ta yi.

"Bar ta nan, ɗana," ta ce. "Ba ka yi hasara ba. Tun da anka ɗaura ta, muzuru bai ƙara cin kaza ba."