Ranar da Na Rataya Baba Babu Ido

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na rataya hoton mahaifina a gaban dangi, uwata ta dube shi ta tambaya ko wane ne.

Lokacin ba mu daɗe da dawowa Mubi daga gudun hijira ba. Gidanmu na Yelwa mun same shi a tsaye, amma an kwashe shi tas, har da akwatin da Mama ke ajiye hotuna. Baba ya rasu tun kafin tashin hankalin, to da akwatin nan ya tafi, sai muka ji kamar mun sake binne shi. Da bikin ƙanwata Masi ya matso, abu ɗaya ta roƙa: a buga hoton Baba babba, a rataya bayan kujerar Mama, a ce shi ma ya halarta.

Wa zai yi aikin in ba ni ba? Na yi kwas ɗin kwamfuta, unguwa tana kirana Injiniya (ni na fara kiran kaina da sunan, sauran suka bi don a zauna lafiya). Masi ta turo min hoto ɗaya tilo da ya rage a wayarta. A fuskar waya ras yake, Baba da hularsa yana murmushi. Na ɗora shi a kwamfuta, na ja kusurwarsa har ya kai girman ƙofa. Kwamfutar ta yi min gargaɗi cewa hoton ya yi ƙanƙanta, na ce ke kika sani.

Ina da dabara ai. Na taɓa ji a aji cewa tsarin ajiye hoto na JPEG yana zubar da ingancin hoto, na PNG kuwa ba ya zubar da komai. Sai na mayar da hoton PNG. Da na ga fayil ɗin ya ƙara nauyi, har kafaɗa na ɗaga. Na kai shagon buga hotuna aka buga shi a kan bana, babban ƙyallen nan na leda, na karɓo shi a naɗe, ban ko buɗe ba.

Ranar liyafar sallamar amarya, dangi sun cika tsakar gida, na Digil da na Michika. Na nemi a yi shiru. Har jawabi na yi, jama'a, na ce yau fasaha za ta dawo mana da Baba. Sannan na saki banar ta warware.

Hula dai ga ta nan, ana iya gane ta. Daga hula zuwa ƙasa kuwa murabba'ai ne jere, wani baƙi, wani ruwan ƙasa. Inda ido ya kamata ya zauna, duhu ne guda biyu. Mama ta taso, ta matso, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Wane ne wannan?"

Na ce Baba ne.

"Wannan ba mijina ba ne. Mijina yana da ido."

Wani kawuna ya tambaya ko da bulo na gina shi, aka fashe da dariya. Dariyar ba ta dame ni ba kamar Masi, wadda ta sunkuyar da kai tana share hawaye da bakin gyale. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

A gaban banar nan na fahimci abin da na haddace a aji ban gane ba. Hoto ɗigo-ɗigo ne na launi, su ake kira fiksil. Idan ɗigon kaɗan ne, jan hoto ba ya haifar da sababbi, na nan ne ke kumbura. PNG ɗina kuwa, kofin kunu na juye a tukunyar biki ina jiran ya cika ta.

Sai na bi sawun hoton. Masi ta ce daga fuskar wayar 'yar gwaggonmu ta ɗauke shi. Ita kuma Gwaggo ce ta tura mata, Gwaggo ma turo mata aka yi, kuma kowace turawa manhajar hira sai ta matse shi. Tushen ya tsaya kan Kawu Zira, ɗan kasuwa a Belel, wanda ya ɗauka da kamara ta gaske a wani bikin godiyar girbi. Na kira shi. Ya ce katin ajiyar hotunan kamarar na nan, da shi ya tsallaka Kamaru ya dawo, bari ya turo min ta waya yanzu. Na roƙe shi don Allah kada ya taɓa komai, na shiga motar kasuwa na je da kaina.

Asalin hoton JPEG ne, wanda na raina. Amma da na ƙara girmansa sai ga wushiryar Baba, ga tabon da ke saman girarsa, ga ido biyu suna kallona. Wannan karon da aka buga sabuwar bana, tun a shagon na shimfiɗa ta a ƙasa na duba ta kusurwa-kusurwa.

Ranar aure ban yi jawabi ba, na rataya kawai na koma gefe. Mama ta tsaya a gabansa ta daɗe, ta kai hannu ta shafa fuskar. Can ta nuna wani ɗan tabon manja a bakin hular.

"Ka gani? Na ce masa ya ba ni in wanke, ya ƙi."

Ta yi dariya har da hawaye, Masi ta rungume ni da kayan amarcinta. Kawun nan mai maganar bulo da bakinsa ya kira ni Injiniya, kuma ranar na amsa da ƙarfi.

Tun daga nan, kowa ya kawo min hoto sai na tambaya daga hannun wa ya fito. Kuma ba na yin jawabi sai na buɗe abin da ke naɗe.