Baƙin da Muka Gani a Ɗigon Ruwan Famfo

Jama'a, jiya da safe na bi layi, amma ba na fetur ba. Layin banɗaki ne a cikin gidana, ni da maiɗakina da yara, kowa ya dafe ciki yana roƙon wanda ya shiga ya ji tsoron Allah ya fito. Ni da nake maigida, ni ne na ƙarshe.

Wai ci gaba ne ya jawo mana. Bayan famfonmu ya daɗe yana hura iska, makon jiya Mai Girma Sarkin Alkawari ya buɗe sabuwar matatar ruwa. Kun gan shi a talabijin: ya yanke ƙyalle, ya ɗaga kofi, ya kurɓa, aka yi tafi. Mu ma muka kurɓa. Mu ba wanda ya tafa mana. Autarmu ma sai da aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa.

Ina jingine a ƙofar gida sai ga maƙwabcina, malamin kimiyya a sakandare, wanda muke ce wa Farfesa.

"Maƙwabci, yaya na gan ka kamar tsumman da aka matse?"

Na faɗa masa. Ya ce in ɗebo ruwan in same shi a ɗaki.

Ya rufe taga, ya saki labule. Ya zuƙi ruwan a sirinji, ya matsa a hankali har ɗigo ɗaya ya rataya a bakinsa. Sai ya ɗauko 'yar fitilar leza da yake nuni da ita a allo, ya haska ɗigon.

"Kada ka kalli fitilar, tana lalata ido. Kalli bango."

Bango ya yi kore shar, ɗigon nan ya zama gilashin ƙara girma. Ga halittu suna ta kai-kawo! Wani mai jela yana wutsil-wutsil, wani dunƙulalle yana juyi. Akwai wani ƙato da ya tsaya a tsakiya, ba ya aikin komai, ƙanana na kewaye shi. Na ce wannan shi ne darakta.

Maiɗakina, wadda ta biyo ni, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Baban yara, waɗannan muke sha?"

Farfesa ya ce, "Ba duka ke cutarwa ba, maman yara. Miyagun ma sun fi ƙarfin wannan fitila don ƙanƙanta. Amma ruwan da aka tace bai kamata ya zama kasuwa haka ba."

Muka kwashi kayan sai ofishin masu ruwa. Samun duhu bai ba mu wahala ba, don ba wuta; nan take muka haska musu ɗigon. Babban jami'in ya kalli bangonsa ya daɗe, sannan ya gyara zama.

"Wa ya ba ku izinin leƙa ruwan hukuma?"

"Ranka ya daɗe, a cikinmu yake kwana."

"To ai kun gani da idonku, har halittu na rayuwa a ciki. Da guba ne, da sun mutu."

Kun ji ilimi! Na zuba masa a kofi, na ce ya ɗan taɓa. Ya ce likita ya hana shi shan ruwa a lokacin aiki, yana faɗa yana tura kwalin ruwan gora ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Amma a yaba musu, ba su yi barci ba. Yau da safe an liƙa sanarwa a ƙofar ofishin: an haramta shiga da fitilar leza.

Auta ta dawo gida, alhamdulillahi, har ta fara neman tsokana. Yanzu duk layinmu tafasa ruwa ake yi, mai gawayi kuwa har tumbi ya fara ajiyewa.

Ni dai roƙona ɗaya ga Mai Girma: kada a yi wa baƙin nan katin zaɓe. Na ɗigo ɗaya ma sun fi mutanen unguwarmu yawa, kuma na san wanda za su zaɓa.