Buhu Bakwai da Kwadon Hukuma

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Uban Marasa Jari, Shugaban Hukumar Tausaya wa Masu Sana'a, wanda Allah ya ba ƙofa biyu, ta jiha da ta tarayya.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai kujerar da take juyawa, da fatan sanyin ofis bai yi maka yawa ba. Sunana Nababa Mika'ilu, mai injin matsar man gyaɗa a Tsamiyar Dabo, ƙasar Makoda. Ba ka san ni ba, ranka ya daɗe, amma kwadonka ya san ni, domin ya kwana talatin da ɗaya yana rataye a ƙofar sitona. Na rubuto ne in yi godiya, kuma godiyar tana da yawa, shi ya sa na jera ta.

Tun farko laifin rediyo ne. Da bazarar nan, lokacin da mai ya tashi, taki ya tashi, magidanta suka koma sayen gero rabin kwano, sai muka ji wata murya mai daɗi tana cewa hukumarka ta kawo rangwamen haraji ga masu kamfanoni, na jiha daban, na tarayya daban. Ni da nake da inji ɗaya da kai ɗaya, na ce to, yau an tuna da mu.

Na ɗaya. Ina godiya da yawon buɗe ido. Sau biyar na shiga birni. Ƙofar jiha ta ce ba ta ba da fom sai da lambar tarayya, ƙofar tarayya ta ce ba ta ba da lamba sai da hatimin jiha, mai hatimin kuma ya tafi ta'aziyya tun watan jiya. Tsakanin ƙofofin nan biyu taku tara ne, na auna. Shin ma'aikatanka ba sa gaisawa ne, ranka ya daɗe? Akuyar matata Fadima ce ta biya kuɗin motar, kuma har yau Fadima ba ta daina tambayata wace ƙofa ce ta cinye ta ba.

Na biyu. Ina godiya da ilimin da na samu. A da na ɗauka rangwame yana nufin a rage maka abin da kake biya. Ina biyan tikitin kasuwa, da na inji, da na allon da na rubuta sunana a kai, da na igiyar da ake tsare hanya da ita ranar kasuwa. Sai wani jami'inka ya yi mini bayani, cikin haƙuri irin na mai koyar da jaki, cewa duk waɗannan ba su shafi hukumarka ba. Rangwamenku yana sauka ne a kan wani haraji dabam, wanda ba ni da shi sai na yi rajista. Wato sai an ɗora maka kaya tukuna, sannan a zauna a duba ko za a cire maka gammo. Na yi rajistar, don ba a yi mini tarbiyyar musu da masu biro ba.

Na uku. An ce akwai ƙarin rangwame ga wanda ya ɗauki ma'aikata goma. Ina da sha ɗaya, duk matan unguwa, masu ɓara da suya da tuƙa. Amma mu a nan, mace in ta yi aiki, ladanta tunkuza ce, wato abin da ya rage bayan an matse mai. Ta kai gida ta soya ƙuli-ƙuli ta sayar, da shi take cefane. Haka iyayenmu suka yi. Fom ɗinku ya ce a kawo takardar banki mai nuna albashin kowace. Wane banki ne yake karɓar tunkuza, ranka ya daɗe? In akwai, a taimaka mana da adireshi. Jami'in ya ja layi ya rubuta cewa ba ni da ma'aikaci ko ɗaya, don haka matan nan sha ɗaya a hukumance ba su taɓa tashi daga barci ba.

Na huɗu, kuma a nan ne na fi jin kunya. Aka aiko cewa mai duba kamfanoni zai zo ranar Laraba. Sitona babba ne, ginin ƙasa, na gaje shi. Abin da ke ciki ranar buhu bakwai ne na gyaɗa, sai inji, sai ɓeraye. Mai unguwa ya leƙa ya girgiza kai, ya ce in baƙo daga birni ya ga wannan, zai koma ya ce mutanen Tsamiyar Dabo ba su da komai, a kuma hana mu rangwamen don ba kamfani ya gani ba. Kai ka san halinmu, ko da yake ina shakka. In baƙo zai zo, tabarmar maƙwabci taka ce, kwanonsa naka ne, ba a barin mutum ya tozarta. A bazara irin wannan ba gyaɗar da ta rage a gari sai ta iri, wadda kowa ya ɓoye don shuka, yana kallonta yana jin yunwa yana haƙuri. Ita mutane suka fito da ita. Sama'ilu magini ya kawo buhu huɗu. Hure, wadda mijinta ya rasu bara ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta aiko da nata biyu, su ke nan gare ta a duniya. Maƙwabcina Basiru ba shi da ko ƙwaya, sai ya cusa ɓawo a buhu tara ya ɗinke, muka jera su a ƙasa. Kafin Laraba sito ya cika har rufi, buhu sittin da uku.

Mai dubawa ya zo da farar shadda. Mun yanka masa zakara, mun dama fura da nonon da yaranmu suka daɗe ba su gani ba. Bai taɓa buhu ko ɗaya ba, daga bakin ƙofa ya ƙirga da kan biro, har da na ɓawon Basiru. Ya ce, “Alhaji, ashe haka kasuwa ta buɗe?” Ni da ban taɓa wuce Kano ba na zama Alhaji. Na ce mun gode Allah, domin ba a koya mana kuka a gaban baƙo ba. Ya tafi da galan na man gyaɗa a bayan mota, mu kuma muka bi shi da addu'a har kwana.

Na biyar. Bayan sati biyu takarda ta zo. Ƙofar jiha ta ce na fi ƙarfin rangwamen ƙananan sana'o'i, mai buhu sittin da uku ba ƙarami ba ne. Ƙofar tarayya ta ce ban kai na manyan kamfanoni ba, wannan na waɗanda suke shimfiɗa titi ne su cire kuɗin daga harajinsu. Na taɓa cike ramin gaban masallaci da baro uku na marmara, ko za a duba wannan? A karon farko ƙofofinka biyu suka yi magana da baki ɗaya: na ɓoye arziki shekara uku, sai na biya. Mutane ba su kwashe kayansu ba tukuna, don mai dubawa ya ce ƙila ya dawo da ubangidansa ɗaukar hoto. Waɗanda suka dawo kwado suka kawo, da jar takarda mai cewa duk wanda ya taɓa shi zai kwana a gidan yari. Na rantse musu kayan na mutane ne. Suka ce in rubuto. Na rubuto sau uku, mai karɓar wasiƙa ya tafi ta'aziyya, ina jin gidan da mai hatimi ya je.

Na shida. Ba ni da sauran dariya a nan, ranka ya daɗe. Ranar Asabar ruwan shuka ya sauka. Garuruwan da ke kewaye da mu duk sun fita gona, mu muna zaune muna kallon ƙofa. Gonakinmu ƙanana ne, kan iyaka na taɓa kan iyaka, wanda ya makara da shuka kowa yana ganin gonarsa fayau. Ran Litinin Hure ta zo ƙofar gidana da kanta, ta tsaya daga zaure. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, “Malam Nababa, ƙasa fa tana shan iska. In babu hali ka faɗa mini, in san abin da zan gaya wa yara.” Na rasa inda zan sa fuskata. Matar nan ta rufa mini asiri da abincin 'ya'yanta na baɗi, ni kuma na kai shi na kulle da kwadonka.

Don haka nake sanar da kai, cikin ladabi, abin da ya faru jiya da hantsi. Mun karanta jar takardarka a gaban mai unguwa, sau biyu, a hankali. Ta ce kada a taɓa kwado. Wallahi ba mu taɓa shi ba. Amma bangon baya na ƙasa ne, ya sha ruwa, kuma Sama'ilu magini ya duba ya ce yana da hatsari ga jama'a. Ya taimaka masa da diga ya kwanta. Kowa ya shiga ya ɗauki abinsa, mai unguwa yana kiran suna. Na Hure ni na kai mata a kaina. Basiru ma ya kwashe ɓawonsa, ya ce in dai hukuma ta yi masa kuɗi haka, ba zai bar shi a waje ba. Yau tun asuba gari yana gona, an makara da kwana huɗu, sauran sai abin da Allah ya yi.

Abin da ya rage a sito shi ne inji, da ɓeraye, da buhu bakwai nawa, ban ɗauki ko ɗaya ba. Wannan shi ne kamfanin tun asali. Ina roƙon alfarma a turo mai farar shadda ya sake ƙirgawa. Ba sai ya zo da mabuɗi ba, ta baya ma ana shiga, har da mota. Sai dai a gaya masa ya karya kumallo daga gida, domin zakaran ɗaya ne dama.

Kwadonka kuwa yana nan lafiya a ƙofarsa, ina shafa masa man gyaɗa don kada ya yi tsatsa. A duk rangwamen da aka yi shela, na jiha da na tarayya, shi kaɗai ne ya iso garinmu, ba zan bari ya lalace ba. In kuma gidan yarin ne, a taimaka a bari sai an gama noman farko, na yi wa Hure alkawarin kwana biyu a gonarta.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kujerarka juyi, ya dawo da mai hatimi gida lafiya.

Naka mai biyayya, har ƙasa,

Nababa Mika'ilu,
Mai kamfani mai bango uku,
Tsamiyar Dabo.