Na'urar da Ta So Kai Mu Jamus

Sati uku na yi ina zaɓen na'urar GPS ta hannu, don ƙungiyar mazan cocinmu na Narayi za mu hawan dutse bayan Gonin Gora. Daga ƙarshe na ɗauki wata 'yar gwanjo mai eriya kamar ƙahon rago. Mai shago ya ce, "Oga, tsaya in saita maka." Na ce ya bari, ni da na karanta injiniya?

Mun hau lafiya. Da za mu sauko, Baba Yohanna, dattijonmu, ya nuna hanyar da muka biyo. Na yi dariya, na danna "koma gida", na ce kowa ya bi kibiya. Awa biyu muna kutsawa cikin ƙaya, ruwanmu ya ƙare, ni kuwa ina gaba har da fito.

Sai Baba ya karɓi na'urar, ya sa tabarau. "Ɗana, gidan da take nufi a Jamus yake." Ashe gidan Baturen da ya fara amfani da ita ne.

Har yau in an tashi coci, sai wani ya ɗaga murya: "Masu zuwa Jamus a ƙafa, ga direbanku nan!"