Rudun da Na Jefar a Juji

Har gobe ba zan manta da abin da idona ya fara sauka a kansa ba, ranar da muka shiga ɗakin taron wata makarantar sakandare a Shagari. Gidajen kwali ne guda biyar a jere kan tebura, kowanne da jan rufi, da farar taga, da ɗan bututun hayaƙi a sama. Na shida kuwa yana hannuna. Tun daga Boɗinga na rungumo shi a mota kamar jariri, ina harar duk wadda gwiwarta ta matso kusa da shi.

Gasar ƙirƙira aka shirya wa makarantun 'yan mata na Boɗinga da Shagari, wadda ta zo ta ɗaya a kai ta Sakkwato. Ni kuwa a aji ba a jin muryata. Ko sunana malami ya kira sai na waiwaya baya, ko akwai wata mai irinsa. Amma ina gani. Na san fankar ajinmu tana yin ƙara sau biyu kafin ta tsaya, na san wadda ta sake ɗinke hijabinta da zaren da bai dace ba. Don haka da aka ce kowa ta ƙirƙiro wani abu, sai na ce a raina, to, yau masu shiru za su yi magana.

Abin da na fara yi rudu ne. Wanda bai sani ba, rudu shi ne gadon karan da ake ɗagawa kan turaku, a zuba albasa, a rufe da ciyawa har lokacin da za ta yi daraja. Duk shekara ina taya Baba tsince ruɓaɓɓiya a rudunsa da ke garin Lambara, kuma na lura daga tsakiya take fara lalacewa, inda iska ba ta kaiwa. Wata shekara wani tsohon kwando mai ɓulalliyar gindi ya shige tsakiyar tulin aka manta da shi. Da aka buɗe, albasar da ke kewaye da kwandon lafiyarta lau. Kowa ya ce Allah ne ya kiyaye, haka ne kuma, amma ni na riƙe kwandon a raina. Sai na haɗa ɗan ƙaramin rudu da sillen kara, na saƙa bututu mai ramuka na tsayar a tsakiya don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, na zuba ƙananan albasa na gaske.

Na kai shi aji. Ban gama ajiyewa ba 'yan baya suka toshe hanci.

"Hajiya Albasa ta iso! Nawa kwando?"

Malam Sani, wanda ke kula da gasar, ya leƙa ya ce, "To, ba laifi. Amma ƙirƙira fa aka ce, ba aikin gona ba. Ku duba waya ku ga abin da duniya ke yi."

Da aka tashi tara na zagaya bayan aji na wurga shi a juji. (Har da bin sa da ƙafa, don in tabbatar wa kaina na waye.) Na koma gida na ari wayar Anti, na nemo bidiyon wata baturiya tana haɗa gidan kwali, na bi ta daki-daki. Inda ta yanka na yanka, inda ta manna na manna. Mako uku ina wannan wahala, yatsuna duk gam. Ashe 'yan mata biyar a wasu garuruwan su ma suna da anti, antin kuma tana da waya.

Alƙalai uku ne. Biyu malamai, ta ukun wata dattijuwa ce da aka ce ta shekara talatin tana fataucin albasa zuwa kudu, ana kiranta Hajiya Inno. Ba ta rubuta komai, kallo kawai take yi ta saman tabarau. Da suka iso teburina, gida na shida ke nan da aka nuna mata, sai ta ɗora yatsa a kan bututun hayaƙin.

"Ɗiyata, wanga abu mi a amfaninai?"

Baturiyar ba ta faɗa ba.

"Na... na hayaƙi ne, Hajiya."

"Hayaƙin mi? Wuta ku ka hurawa cikin ɗaki a Boɗinga? Da wanga zafi da ka dafa ƙwai bisa dakali?"

Aka yi dariya. Na ce a hankali, "Ado ne."

"Awo," in ji ta. "Duk ku shidda ado guda kunka yi."

Da a nan abin ya tsaya, da kunya ce ta yau da kullum, irin wadda nake sha da koko kowace safiya. Amma suna matsawa tebur na gaba sai na ga Luba, wadda muke aji ɗaya, tana yaye zanen da ta lulluɓe kayanta da shi. (Tun a mota nake jin warin albasa, na ɗauka a jikina ne, har ina shinshina hijabina a ɓoye.) Ruduna ne. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin dai. Na gane turken da na ɗaure da shuɗin zaren hular Baba, na gane inda ƙafata ta lotsa shi, an gyara wurin da sabon kara.

Luba ta fara bayani, ita da ma bakinta ba ya ciwo. Ta nuna bututun, ta nuna ramukan. Ta ma ƙara wani abu nata: ɗan zaren auduga a bakin bututun, in ta yi fifita ta ƙasa sai zaren ya tashi yana rawa, kowa ya ga iska na fita. Hajiya Inno ta cire tabarau ta sunkuya.

"To, wanga bututu na san amfaninai," in ji ta. "Ni da kaina zan gwada shi bana."

Kwandon Baba! Shekaru ina tsintar ruɓaɓɓiyar albasa, hannuna na wari, ita kuwa Luba mahaifinta tela ne, ba ta san rudu ba sai daga nesa! Ni aka yi wa dariya, ita ake wa tafi, ita za a kai Sakkwato da tunanina a hannunta! Ga Malam Sani can yana gyaɗa kai yana murmushi, kamar ba shi ya ce aikin gona ba ne. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, sai ga muryata ta cika ɗakin taro.

"Ɓarauniya! Wallahi nawa ne! Sace shi ta yi!"

Na tako gaban teburin ina haki, garin takowa gwiwar hannuna ta ture gidan kwalina, bututun adon ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin kujerar alƙalai.

"A ina ta sace shi?" wani malami ya tambaya.

"A... a juji."

"Wa ya kai shi juji?"



Hajiya Inno ta ɗauki farin katin da ke jingine a gaban rudun, ta miƙo mini, ta ce in karanta da irin muryar da na yi ihu da ita. Rubutun Luba ne, manya-manya, da jar biro. Sunana ne a layin farko, cikakke har da na Baba, a gabansa an rubuta: ita ta yi tunanin, ita ta haɗa. Sunan Luba yana ƙasa: ita ta gyara, ta ƙara zare.

Ni, mai ganin zaren da bai dace ba a hijabin mutane, ban ga kati mai girman littafi ba.

"Sau uku ina tare ki a makaranta in gaya miki," in ji Luba, idonta ya kawo ruwa. "Kina hango ni sai ki sunkuyar da kai ki canza hanya. Na ce bari in mun zo nan in kira ki mu yi bayani tare, ki ji daɗi. Ashe ɓarauniya ce ni."

"Ke, wagga yarinya," Hajiya Inno ta ce da ni, "kina da ido, kina da kai. Amma kin yada naki kin ɗauko na wata, kuma wadda ta tsince miki shi kike zagi. Je ki ɗauki bututunki, ga shi can ƙarƙashin kujera."

Na durƙusa a gaban makarantu takwas na rarrafa na ɗauko shi.

Rudun ne ya zo na ɗaya. Dokar gasa kuwa ta ce wadda ta yi bayani ita za ta je Sakkwato, don haka Luba ce. A hanyar komawa Boɗinga na zauna a kujerar ƙarshe ina tafasa. Na ji haushin 'yan baya, na ji haushin Malam Sani, na ji haushin baturiyar da ba ta san ina duniya ba. Kafin mu kai rabin hanya duk sun ƙare, saura mutum ɗaya, kuma tana zaune cikin hijabina. Abin da na koya ba shi da yawa: tunani na kanka yakan zo da warin inda ka samo shi, in ka jefar da shi don warin, to ka shirya rungumar gidan kwali na shida.

Da muka sauka, Luba ta yi gaba da rudun a ka ba ta ko waiwayo ni ba. Na bi ta har bakin shagon mahaifinta.

"Luba, ki yafe mini."

"Hajiya Albasa ta iya magana ashe," in ji ta, ba ta juyo ba.

"Ramukan ƙasa sun yi ƙanana, ɓawon albasa zai toshe su. In Hajiya ta gwada haka, zai ba mu kunya," na ce. Ta tsaya. Na ƙarasa: "Don Allah ki ara mini shi kwana biyu in gyara kafin ki tafi Sakkwato. Ke kuma ki koya mini yadda ake magana a gaban mutane ba sai an yi ihu ba."