Ranar da Na Hau Rumbu Saboda Yayana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Yaya Bitrus ya dawo gida, ko da yake na so a ce na manta.

Yaya soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu a Zuru. An tura su aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje, sai ga saƙo wai ya rasu. Ba a kawo gawa ba. Muka yi addu'a a coci, dangi suka zo daga Manga da Ribah, Mama ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Ni a lokacin na gama kwaleji, ina zaman jiran aiki (gardi da gemu, kada ku ɗauka yaro ne). Don in rage baƙin ciki na ari wani littafin Turanci mara bango. Labarin wata annoba ce da ta cinye duniya nan gaba: wanda ya mutu sai ya tashi yana jan ƙafa, yana gurnani, yana neman masu rai ya ciza. Waɗanda suka tsira doka ɗaya suke bi: ko ɗan uwanka ne kada ka bari ya matso, ka hau sama, domin matattun ba sa iya hawa. Na haddace wannan fiye da karatun da aka biya mini.

Wata rana da damina kowa yana gona, ni kaɗai a tsakar gida, na ji ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Wani mutum ya shigo a rame, kaki ya yi masa yawa, yana jan ƙafar hagu. Fuskar Yaya ce. Ya buɗe baki, sai wani gurnani ya fito (ashe raunin da ya ji a maƙogwaro ne, kuma wanda ya rasu wani mai irin sunansa ne).

Ya miƙo mini hannu biyu. Ni kuwa sai ga ni a kan rumbun dawa, taɓarya a hannu, ina ihu: "Jama'a, gawa ta tashi! Kada kowa ya taɓa shi!"

Maƙwabta suka rugo daga gona, suka cika gida da fartanya da adda. Saboda ihuna babu wanda ya matsa. Yaya yana tsaye a tsakiya, hannuwansa suna sauka a hankali. Wannan ne ke cina har yau.

Sai ga Mama da taɓo har gwiwa. Ta ratsa mutane, ta shafa fuskarsa, ta ce, "Mi kuke kallo? Ɗana ne! Ku kawo mishi ruwa."

Da ya sha, ya ɗaga kai ya dube ni. Da kyar muryar ta fito: "Auta, tun ina gadon asibiti nake cewa kai ne za ka fara rungume ni. Sauko, ba ni da ƙafar da zan hawo maka."

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na ji sauƙi. Na sauko ina kuka kamar jinjiri, ya riƙe ni, ya ce ya wuce.

Abin da na koya kuwa: na shirya tsaf don ƙarshen duniya, amma "sannu da zuwa" ta gagare ni.