Ranar da Na Mai da Kakata 'Yar Aiki

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, a shekarata ta farko a jami'a, ranar da Baba ya miƙo mini makullin mota ya ce in kai Kaka ta sayi takalmi. Ƙafafunta sun fara kumbura, likita ya ce a nemo mata mai taushi. Da ta Kaka aka bi, da kasuwar Sultana muka nufa, inda ta san masu shaguna su ma suka san ta. Amma ni uwar iyayi na ce sai dai sabon mol ɗin nan, katafariyar kasuwar gilashi da ko a daɓenta kana ganin fuskarka. (Gaskiyar magana, ni ke son zuwa. Ƙafar Kaka hujja ce kawai.)

Kaka mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana Takwara. Tana goye aka taso da ita daga ƙasar Katsina, ta yi wayo a Sudan, ta yi aure a Madina. Duk shekarun da ta yi a garin nan ba su raba ta da goro ba, ba su raba ta da ɗaurin zani a ƙarƙashin abaya ba, balle tsagar da ke kumatunta. Larabci a bakinta kamar ruwa, amma mu jikoki Hausa take yi mana, da ƙarfi kuma, don kunnenta ya yi nauyi. Ni a lokacin ina ji sarai, sai dai in mayar mata da Larabci.

Mun sayi takalmin lafiya. Daga nan na ja ta shagon turare da na mayafai, na cika leda uku, duk kayana. Kaka ta gaji, ta kuma ƙi hawa matakalar nan mai tafiya da kanta, ta ce ita ba ta taka abin da ba ya tsayawa a gaisa. Na zaunar da ita a wani benci, na ajiye ledojin a gefenta, na tafi sayo mata shayi.

A layin shayin na ci karo da Lama, 'yar ajinmu. Lama irin yarinyar nan ce da kowa ke son a gan shi tare da ita. Wata uku ina lallaɓa ƙawancenmu kamar mai riƙon ƙwai. Ta san ni baƙa ce, wannan ba ya ɓoyuwa, kuma ba ta taɓa nuna mini wani bambanci ba. Ni ce dai na yi ta zuba mata cewa mu tsoffin 'yan Madina ne, a unguwar Khalidiyya muke, ba mu san wani yare ba sai Larabci.

Muna cikin hira sai wata murya ta ratsa wurin.

"Takwara! Ki ce kar su sa sukari, kin ji ko? Takwara!"

Mutane suka waiwaya. Ga Kaka can tana ɗaga mini hannu, baki ja wur da goro, gefen zaninta ya leƙo ta ƙasan abaya.

Lama ta ce, "Ke take kira? Wace ce?"

Amsar gaskiya kalma ɗaya ce tak. Na tsallake ta na ɗauko wata.

"Shaggala ce," na ce, wato 'yar aikin gida. "Ta daɗe tare da mu."

Ashe Kaka ta gaji da kira ta taso. (Kunnen da a gida sai an maimaita masa magana sau uku, ran nan sau ɗaya ya ishe shi.) Ina juyawa na gan ta a bayana, ledojina uku a hannunta. Ta dube ni. Ban ga fushi a idonta ba, da shi na gani ma da ya fi mini sauƙi. Sai ta ja da baya kaɗan, ta sunkuyar da kai, ta tsaya yadda masu aiki ke tsayawa a bayan iyayen gidansu. Ni na yar da ita, ita kuma tana rufa mini asiri.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da har yau ban yi hankali ba. Sai ga mahaifiyar Lama ta fito daga wani shagon jakunkuna ta nufo mu. Na gyara murya zan gaishe ta, sai na ga ba ni take kallo ba. Ta wuce ni, ta kama kan Kaka ta sumbata, ta kamo hannunta shi ma ta sumbata, tana kiranta Khala, wato inna.

"Khala! Ba ki gane ni ba? Ke kika yi wa mahaifiyata wanka. Ranar na kasa shiga ɗakin, kika fito kika riƙo hannuna, kika ce in zo in zuba mata ruwa ko sau ɗaya ne, kada in yi nadama daga baya."

Tana magana hawaye na zuba. Na san Kaka tana wankan gawar mata saboda Allah tun kafin a haife ni. Mu a gida mun ɗauki abin kamar cin goronta, halin tsofaffi kawai.

Sai idon matar ya kai kan ledojin. "Wa ya ba ki kaya ki ɗauka, Khala?"

Lama, baiwar Allah, ta ce, "Mama, shaggalar gidansu ce."

"Shaggalar wa?"

Matar ta dube ni, ta dubi Kaka, ta sake dubana. Goshinmu ɗaya, hancinmu ɗaya, ko makaho ya shafa zai gane.

Kaka ta yi murmushi, ta amsa mata da Larabci. "Gaskiya ta faɗa, 'yata. Ni na yi mata wankan farko ranar da aka haife ta, har yau kuma ban ajiye aikin ba."

Ba wanda ya yi dariya. Matar ta karɓe ledojin daga hannun Kaka ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Mayafai ne da kwalbar turare, amma da ƙyar na kai su mota.

Muka shiga, na kasa tada motar. Na kifa kai a sitiyari ina kuka, sannan na harhaɗa 'yar Hausar da ban taɓa yi mata ba tun da na girma.

"Kaka, ki yafe mini."

"Oho, yau Hausa ta samu?" Ta ɓantari goro ta tauna a hankali. "Na yafe, Takwara. Ni ba ki rage ni da komai ba. Amma shaggalar da kika raina har kika ara sunanta don ki ɓoye ni, ita ma uwar wasu ce, sun zuba ido suna jiran ta koma gida. Ita za ki nemi gafararta a wurin Allah. Tada mota, kar magariba ta same mu a hanya."

Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gaya wa Baba ba. Lama kuwa ba ta daina kula ni ba, sai dai har muka gama jami'a gaisuwarta ɗaya ce, kuma kullum sai ta soke ni: "Yaya Khala?"

Abin da na koya, in har mutum ya rasa kunyar da zai yi ƙarya a kan tsohuwarsa, to ya fara bincika gida nawa ta shiga ranar kuka. A Madina dai ni ce baƙuwar da ke neman a san ta. Kaka an riga an san ta.